Tarwaɗar Galma Ko Ta Turai?

Ran nan muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Doka bayan la'asar, sai wani ƙanena ya miƙo mini waya, wai in ga dodon tarwaɗar da aka kama a kogin Galma. Kifin ya fi mutum tsawo, ƙarti uku na rungume da shi. Kafin magariba hoton ya zagaye birnin Zariya ta WhatsApp, har wasu samari na shirin tafiya kogi da ƙugiya, ga ruwa ya cika yana tumbatsa.

Ni dai na ce ƙarya ce, kuma jikin kifin ne shaidata. Tarwaɗarmu gashin bakinta takwas ne, ƙayar bayanta kuwa doguwa ce tun daga wuya har kusa da wutsiya. Na hoton gashinsa shida, ƙayar bayansa 'yar mitsitsiya. Wannan kifin Turai ne, irin wanda aka kama a kogin Po na ƙasar Italiya a 2023, mai tsawon santimita 285. In kuwa ka ga ƙato mai kama da tarwaɗa amma kusan babu gashin baki, to na kogin Mekong ne, inda aka kama mai kilo 293 a Tailan a 2005. Mai ɓawo a jiki ba dangin tarwaɗa ba ne sam, wataƙila giwan ruwa ne.

Akwai kuma dabarar miƙo kifi daf da kyamara. Dubi yatsun mai riƙon: in sun kai girman fuskarsa, an yi maka wayo.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai. A'a malam. Ko a Argungu, inda ake gasar kamun kifi tun 1934, a 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa daga wani wuri aka kawo kifin. Masunta sun san mutuncin sana'arsu. Mu da ke tura hoto ba bincike muna mayar da guminsu abin raini, domin wanda ya kwana a ruwa ya fito da tarwaɗa mai kilo biyar sai a ce bai kama komai ba. Balle yaron da hoton zai ja zuwa bakin Galma da damina.

Da can mukan ce gani ya kori ji. Yanzu sai an ƙirga gashin baki tukuna. Allah Ya sa mu gane, amin.