Mu Ɗaura Bel, Mu Ajiye Waya

Akwai wata ɗabi'a da muke gani a hanya, har a motocin ikilisiya. Direba ba ya jawo bel sai ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, da ya wuce su kuma ya kwance. Wa muke ruɗi?

Tun Janairun 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya, doka kuma ta hana amfani da waya ana tuƙi. Ba don tara aka kafa waɗannan dokoki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi, mai waya a hannu kuwa haɗarin karonsa ya ninka kusan sau 4. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Duba saƙo na daƙiƙa 3, tuƙin makanta ne na fiye da mita 80.

Mukan yi addu'a kafin tafiya, daidai ne. Amma dogara ga Allah ba sakaci ba ne.

Muna roƙon dattawa: kada motar zumuntar mata ko ta 'yan mawaƙa ta tashi sai direba da na gaba sun ɗaura bel. Wanda ya san ɗan'uwansa yana tuƙi, kada ya kira shi. Kira yana iya jira. Rai kuwa ba a saye a kasuwa.

Ubangiji ya kai mu gida lafiya.