Wayar da ke lilo a gaban motarka ba shaida ba ce

1/
Zare ga 'yan uwa ɗalibai da suka zo Kanada, musamman mu na Winifeg, Saskatun da Edmonton. Ra'ayina: duk wanda ya sayi mota ta hannu bai gwada hitar injinta ba kafin Nuwamba, shi ya jawo wa kansa. Ni ma na jawo wa kaina bara, shi ya sa nake magana.

2/
Ranar jarabawa ce, ƙarfe 9 na safe. Sanyi ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili. Da daddare na jona mota a soket na kwanta hankali kwance. Da safe na murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. A tasi na isa, saura kaɗan a rufe ƙofa. Ashe hitar ta mutu tun kafin in sayi motar.

3/
Ga wanda bai sani ba: a nan ana ce mata bulok hita. Ɗan ƙarfe ne mai ɗaukar zafi da ake cusawa a jikin inji, yana ɗumama ruwan da ke zagaya shi. Idan inji ya yi ɗumi, baƙin mai ba ya yin kauri kamar zuma, batir ma ba ya wahala wajen juya shi. Andrew Freeman na Dakota ta Arewa ne ya yi rajistar ƙirƙirar irinta a 1949.

4/
Da farko, nemo wayar. Duba ragar gaban mota da ƙasan bamba. In babu, buɗe bonet ka duba kusa da batir ko lagireto, sau da yawa ana naɗe ta a ɗaure. Filogi ne mai baki uku irin na gida. Bi wayar da ido har inda ta shiga jikin inji.

5/
In ba ka gani ba, kada ka yi mamaki. Motocin da aka kawo daga Toronto ko Bankuba da yawa ba su da ita, don sanyinsu bai kai namu ba. Kai wa makanike ya sa maka tun yanzu. Ranar da sanyi ya sauko, layi za ka tarar.

6/
Gwaji mai sauƙi: inji a sanyaye, jona ta, ka kasa kunne. Yawanci za ka ji ɗan ƙara kamar butar shayi ta fara zafi. Bayan awa ɗaya taɓa jikin inji kusa da inda take. In sanyi ƙalau, akwai matsala.

7/
Gwaji mafi tabbas: ari multimita. Cire filogin daga wuta tukuna fa. Sa mitar a kan om, ka taɓa bakuna biyu masu faɗi. A wutar nan mai bolt 120, hita mai wat 400 zuwa 600 za ta nuna wajen om 24 zuwa 36. In mitar ba ta nuna komai ba, ko waya ta katse ko hitar ta ƙone. Tawa waya ce ta katse daga ciki.

8/
Gwada soket ɗin ma da caja ko fitila. Wasu wuraren ajiye motoci suna kawo wuta suna ɗaukewa ne bi da bi, kada ka zargi hitarka a banza.

9/
Wani zai ce: "Motata sabuwa ce, tana tashi ba hita." Gaskiya ne, tana iya tashi. Amma a 'yan daƙiƙun farko kafin mai ya zagaya, ƙarfe na gogar ƙarfe. Ba yau za ka ga kuɗin ba, sai nan gaba a gareji.

10/
Wani kuma ya ce kuɗin wuta. Ba sai ta kwana a jone ba ai. Awa 3 zuwa 4 kafin ka fita ya isa, in sanyi ya wuce 15 ƙasa da sifili. Sayi taima ta riƙa kunnawa da asuba.

11/
Abin da ba na wasa da shi: waya mai tsagewa ko filogi da ya yi baƙi. Wannan gobara ce, canza ta kawai, ban da naɗa salatif. Kuma cire ta kafin ka ja mota. Na ga mutum yana jan waya a titi kamar akuya ta tsinke igiya.

12/
Minti 10 ne aikin nan a Oktoba. A Janairu kuwa hannunka ba zai ma iya riƙe mitar ba. Tura wa sabon zuwa da ka sani, Allah Ya raba mu da tsayuwar mota ranar jarabawa.