Tsintsiya ba ta shiga cikin bututu

Farfaɗo da ranar sharar ƙasa da gwamnatin Mahama ta yi, wadda aka fara a Nuwamban 2014, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, ya sake buɗe bakin masu cewa amai da gudawa a unguwannin Nima da Maamobi na Accra laifin ƙazantar mutanen Zango ne, sai ka ce shebur da hoton minista sanye da takalmin roba su ne maganin ƙwayar cutar da ke shiga ciki ta ruwan sha.

Ruwan Accra yana fitowa ne daga matatar Weija da ke kan kogin Densu da ta Kpong da ke kan Volta, inda ake zuba masa alam domin laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa kilorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, a kuma bar ragowarsa a ciki domin ya tsare ruwan har bakin famfo. A hanya ɓarnar take aukuwa. Tunda kwana-kwana ake raba ruwa, duk ranar da aka ɗauke shi bututu yakan zama fanko, ƙarfin da ke tura ruwa waje ya faɗi, sai kowace tsaga ta koma tsotsar abin da ke kewaye da ita. Abin da kuwa ke kewaye da ƙananan bututun roba a lungunan Nima shi ne ruwan kwata, domin ta cikin kwatar aka bi da yawancinsu. Ragowar kilorin ba ta iya yaƙi da wannan, balle ruwan da zai kwana uku a galan Kufuor, wato jarkar nan mai ruwan ɗorawa da aka laƙaba wa sunan tsohon shugaban ƙasa saboda ƙarancin ruwan zamaninsa.

Za a ce ai mutane na zuba shara a babbar kwatar Nima da ke malala zuwa kogin Odaw. To, suna zubawa, amma wannan magana ce ta wanda bai taɓa bin layin bayan gida na haya da asuba ba. Haka nan masu cewa a sayi fiya wata, wato ruwan leda, sun manta cewa ba da shi ake wanke kwano, ko dama koko, ko yi wa jariri wanka ba, kuma ledarsa ce ke toshe kwatar da ake zagin mutane a kanta.

Wannan zargi tsohon ciwo ne. Tun dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ake kallon Zango a matsayin masaukin matafiya, wanda ba a binne masa babban bututu saboda gobe zai tashi, alhali jikokin waɗanda suka kafa Nima sun yi furfura a cikinta. A 2017 an kafa ma'aikatar raya Zango da asusunta, aka yi ta buɗe filayen ƙwallo masu ciyawar roba da kiɗa da jawabai, a 2021 kuma aka rushe ma'aikatar, bututun kuwa yana nan kwance cikin kwata inda aka same shi. Abin da unguwannin ke bin Kamfanin Ruwa na Ghana shi ne a ɗauke bututu daga kwata, ruwa ya riƙa gudu dare da rana, a kuma auna kilorin a famfunan Maamobi a manna sakamakon a ƙofar masallaci.