Wane Ne Sikola?

Ku 'yan makaranta, na Gwamnati da na Mishan duka, yau da ku mu ke, kuma ba da wasa muka zo ba. Akwai wata kalma ta Turanci da ta shiga bakinku, kuna ta tauna ta kamar goro, ba ku tsaya kun ji ɗacinta ko zaƙinta ba. Kalmar nan ita ce scholar, wadda ku ke ce wa sikola.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ran nan muna duba takardun neman taimakon karatu da yaranmu suka cike, sai muka kai kan ta wani yaro mutumin ƙasar Goronyo. A wurin da aka tambayi ilmin ubansa, sai ya rubuta "babu". Mu kuwa mun san uban. Dattijo ne mai zaure, ko wace asuba almajirai na zagaye da shi, wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani da Risala. Muka kira yaron muka ce, "Kai, me ka rubuta nan?" Ya ce, "Malam, ai Baba ba sikola ba ne, bai yi makaranta ba." Bai faɗa don raini ba, iyakar abin da ya fahimta ke nan. Laifin kuwa namu ne, mu malamanku, da muka ba ku kalma ba mu ba ku ma'anarta ba.

To, ku saurara. Asalin kalmar daga Girkanci ta ke, kuma ma'anarta ta fari hutu, watau lokacin da mutum ya sami sarari daga aikin neman abinci. Kada ragwayen cikinku su yi murna, gama hutun da a ke nufi shi ne wanda a ke ƙarar da shi wajen muhawara da neman sani. Daga nan sunan ya koma kan wurin da a ke taruwa don yin haka. Rumawa suka ara, daga bakinsu ta bazu cikin Turai. Ita ce ta haifi sunan makaranta da Ingilishi, ita ce kuma ta haifi lekol da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Ƙonni ke faɗa, wadda suka samo daga Faransanci.

A Ingilishi ma'anarta uku ce. Ta fari, ɗan makaranta ko wane iri. A Ingila, cikin ƙarni na 19, in masu ƙidaya suka iske yaro mai shekara 6 yana zuwa makaranta, sikola su ke rubuta masa a wurin sana'a, ko da bai iya rubuta sunansa ba. Ta biyu, ɗalibin da aka ɗauke wa kuɗin karatu, abin da ku ke kira sikolashif, kamar irin wanda aka kafa a Okusfod a 1902 da dukiyar Cecil Rhodes. Ta uku, ita ce babba, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa cikin wani fanni har ya zama abin komawa a cikinsa.

Kun ga ɓarnar? Turanci ya zuba kolo da gwani cikin kwando ɗaya. Hausa ba ta yi wannan ganganci ba. Muna da kolo, da titibiri, da gardi, da alaramma, da gwani. Muna da almajiri, wanda ya yi hijira don karatu, da ɗalibi, mai nema, da malami, mai koyarwa, da masani, da shaihi, Fulani kuma suna da modibbo. Ba gardin da zai yarda a kira shi gwani a gaban malaminsa, sai ya sunkuyar da kai don kunya. Amma ku, da kun shiga ta ƙofar ma'ana ta fari, ko Allah ya ba ku sa'ar ta biyu, sai ku haye kujerar ta uku ku miƙe ƙafa. Ba ku tsaya nan ba, har kuka kori masu kujerar.

Su wa kuka kora? Ku je Wurno ku gani. Garin nan ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa ya ke. Mutumin nan yana yaƙi, yana shari'a, yana mulkin ƙasa mai faɗi, duk da haka ya sami irin hutun nan na Girkawa. Ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya yi littattafai kan mulki da fiƙihu, har da magani, akwai na ciwon ido, akwai na basur. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo masa Sakkwato a 1824, Bello ya yi masa tambaya kan ɗarikun Kirista na dā, har baƙon ya yarda da bakinsa cewa saninsa bai kai nan ba. Ku 'yan Mishan, ku riƙe wannan. Da ya komo a 1826 ya kawo masa littafin lissafin Iƙlidisu da Larabci, Bello ya yi murna ƙwarai, don dā gidansu suna da irinsa wanda aka kawo daga Makka, gobara ta cinye. Lissafin nan na kusurwa da da'ira da ke sa ku zufa a aji, an san shi a gidan Shehu tun ba a gina makarantar boko ko ɗaya a ƙasar nan ba.

A 1853 kuma Barth, Bajamushen nan da ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Shi kam sikola ne ta ma'ana ta uku, da digirinsa na dakta daga Balin. Me ya yi? Ya nemi aron littattafan mutanen ƙasa ya zauna ya karanta, ya yi zance da Abdulƙadiri ɗan Tafa na Salame, ya kuma shaida cikin littafinsa cewa ba wanda ya kai shi sani cikin tsararsa. Ga kuma Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauye. Ku 'yan mata, in an ce muku ku ne farkon mata masu ilmi a ƙasar nan, ku ce ba haka ba ne.

Mun san abin da waɗansunku za su ce: kalmar Turawa ce, su ke da ikon ba wanda suka so. To, ai sun bayar. Murray Last, wanda ya sami dakta a Ibadan a 1964, ya buga littafinsa na tarihin daular Sakkwato a 1967, a gaban Waziri Junaidu ya zauna, da littattafan gidan Waziri ya yi aiki. Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Wazirin digirin girmamawa, shi da karatunsa na zaure ne. Baturen da ya sha daga rijiyar bai raina ta ba, sai ɗan gida da ya ga famfo jiya.

Mutanen Rabah su ma su tuna da nasu. Ahmadu Bello allo ya fara riƙewa a Rabah kafin ya tafi makarantar Sakkwato. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934 da aka ba shi hakimcin Rabah. A 1948 Gwamnati ta kai shi Ingila ya koyo sha'anin mulkin ƙananan hukumomi. Ma'ana ta fari da ta biyu duk ya taka su. Da ya tashi yin alfahari kuwa, da kakansa Bello na Wurno ya yi, wanda ko sunan jami'ar Zariya na tuna mana da shi.

Amma kada masu rawani su ce mun zo yi musu kirari, su ma muna da magana da su. Ba ko wane mai zaure ba ne masani, kamar yadda ba ko wane mai takardar shaida ba. Hadda abu ce mai girma, amma ba ita kaɗai ce ma'ana ta uku ba. Masani shi ne wanda in ya faɗi magana zai gaya maka inda ya samo ta, daga wa, shi kuma daga wa, ya auna ruwaya biyu ya ce wannan ta fi ƙarfi saboda kaza, in ya kai iyakarsa ya ce Allah ne masani, ya yi shiru. Mun shiga gidajen da a ke bugun ƙirji da sunan kakanni, muka ce a nuna mana littattafansu, aka jawo gafaka daga ƙarƙashin gado, gara ta ci rabi, ɗigon damina ya lashe saura, ba mai iya karanta abin da ya rage. Wanda ya bar gara ta ci gadonsa ba shi da bakin zagin yaron da ya rubuta "babu".

Saboda haka ga abin da mu ke nema gare ku. In kuna nufin ma'ana ta fari, ku ce ɗan makaranta. In ta biyu ce, ku ce ya sami taimakon karatu, ku yi masa barka. Ta uku kuwa ku ce masani, kuma kada ku ba kanku, ku bari a ba ku. Wanda ke sha'awar ta, hutu na zuwa. Mutumin Wurno ya roƙi dattijon gidansu ya buɗe masa gafaka, ya rubuta sunan ko wane littafi da mai shi da wanda ya kwafe. Mutumin Goronyo ya bi manoman fadama ya tambaye su yadda a ke noman albasa da shinkafa kafin a datse gulbin Rima da yadda a ke yi bayan an datse, ya rubuta sunan wanda ya gaya masa da ranar da ya faɗa, in biyu sun saɓa ya nemi na uku.

Yaron nan kuwa mun ba shi sabuwar takarda, muka ce ya tafi gida ranar Jumma'a ya tambayi ubansa littattafan da ya sauke, da malaman da ya sauke su a hannunsu, ya kawo mana ranar Litinin.