Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare: A Nemo Wa Rubutun Ɗalibai Masu Karatu



Ranku ya daɗe, na yi shekaru ina shan ƙurar alli a ajin Hausa, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar insha'in ɗalibai. A ba yaro jigo, "Yadda na yi hutuna", ya cika shafi biyu, malam ya bi da jan biro ya zana masa shida cikin goma, shi ke nan. Ƙarshen zango sai ka tsinci takardar wajen mai ƙosai. Mutum ɗaya tak ya karanta, shi ma farautar kuskure yake yi. To, wa zai zage damtse ya yi rubutun da ya san babu mai jiransa?

Wani malamin ƙauye a Faransa, Célestin Freinet, ya daɗe da gano wannan. Ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a huhu, doguwar magana tana yi masa wuya, don haka a 1924 ya shigo da ƙaramar na'urar ɗab'i cikin ajinsa a Bar-sur-Loup. Yara su rubuta abin da suka gani da idonsu, aji ya zaɓi guda, a gyara shi tare a kan allo, su jera haruffa da hannunsu su buga. Daga baya har musayar rubutun suka riƙa yi da wata makaranta mai nisa. Yaron da ya san baƙo zai karanta shi, da kansa yake zuwa tambayar inda ake sa waƙafi.

Mu ma a gida muna da shaida. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, sa'ad da aka shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya a 1933. Alkawarin za a buga a karanta ne ya fito mana da littafinsa Ruwan Bagaja, kuma a 1939 shi ne editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Roƙona ba na kashe kuɗi ba ne. Allon katako guda a bakin ɗakin taro ya isa a soma jaridar bango. Kowane mako aji ɗaya ya ɗauki nauyi, ɗalibai su ne editoci, malami na gefe yana sa ido. A ajiye akwati a ƙasa don masu martani, domin martanin nan shi ne gishirin abin. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, wanda galibi a garƙame yake sai ranar da baƙi za su zo, ta buɗe shi, a sa zaɓaɓɓun rubuce-rubuce a intanet don iyaye da tsofaffin ɗalibai su gani. Sai dai fa da sharaɗi: a nemi yardar iyaye, ban da hoton yaro, ban da cikakken suna, kuma kada kome ya fita sai malami ya duba.

A bar ɗalibai su yi rubutun da Hausa, kamar yadda za su yi da Turanci. Har yanzu akwai makarantun da ake cin tarar yaro don ya yi magana da harshen uwarsa, alhali Hausar tana cikin darussan da WAEC da NECO suke jarrabawa.

Saura abu ɗaya, kuma ku ya shafa kai tsaye. Na taɓa gwada jaridar bango a wata makaranta. Mako na huɗu wata yarinya ta rubuta cewa famfon ɗakin kwanansu ya yi wata biyu a lalace. Gaskiya ta faɗa, cikin ladabi kuma. Kafin azahar an yage takardar, aka kira ni ofis. Tun daga ranar, yaran suka koma yabon shugaba da waƙar tsafta, allon ya mutu murus. In za ku buɗe wannan ƙofa, ku shirya jin abin da ba ku so, ku kuma ba da amsa a rubuce a kan allon.

Don Allah, kafin wannan zangon ya ƙare, ku sa kafinta ya kafa allon.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin Hausa.