Zaƙin Ceri Ba Ya Rage Ƙarfin Giya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙananan masana'antu da ke dafa giya suna zuba mata ruwan ceri, ko mangwaro, ko lemo, har ta fito ja ko ruwan ɗorawa kamar abin shan yara. Masu ɗanɗana ta suna yabon ƙamshinta, suna cewa ba ta da nauyi a baki. Ka lura da wannan yabo, domin a cikinsa haɗarin yake.

Giyar da aka saba gani barasar cikinta ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma ɗacinta kan sa mai sha ya dakata. Amma Delirium Red, wadda ake yi a Beljiyam, tana da kashi 8. Kwalba guda mai mililita 330 tana ɗauke da fiye da mililita 26 na zallar barasa. Zaƙi ya rufe ɗacin, harshe ya daina gargaɗi, sai mutum ya kwankwaɗe biyu kafin ya ji jiri. Hanta kuwa ba ta san ceri ba, barasa kawai take lissafawa.

Za ka ji ana cewa ai da 'ya'yan itace aka yi ta, saboda haka tana da amfani ga jiki. Wannan magana ce ta 'yan talla. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, kuma a Janairun 2023 hukumar ta ce babu wani adadi da za a sha a ce an tsira. Wanda ke son amfanin mangwaro, ai mangwaro yana nan a kasuwa.

Idan kana da ciwon suga, abin ya fi muni. Zaƙin zai fara ɗaga sugan jininka, sannan barasar ta hana hanta sakin sugan da take samarwa. Ga mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, suga na iya faɗuwa warwas cikin dare yana barci, iyalinsa kuma su ɗauka maye ne su bar shi ya huta. Mai ciwon hanta nau'in B, da mai juna biyu, da wanda likita ya ɗora a kan Flagyl, duk ba su da rabo a wannan kwalba ko da kurɓi ɗaya.

Kai kuma da ke zaune a can, ko ɗanka ke karatu a can, kada hoton ceri a jikin gwangwani ya ruɗe ka. Juya shi ka nemi lambar da ke gaban alamar %, kusa da haruffan ABV ko vol. In ka gan ta, giya ce, ko da a kusa da lemon kwalba aka jera ta a kanti.