Zaman Ƙauye a Bakin Iyakar Jibiya

Wanda hayaniyar Kano ta ishe shi, idan ya kwana a ƙauyukan Jibiya zai so ya tare gaba ɗaya. Gero da dawa na cikin rumbu, 'yar Fulani na kawo nono ƙofar gida da hantsi, maƙwabci kuma yakan gane damuwarka tun kafin ka buɗe baki. Madatsar ruwan Jibiya ta ba manoma damar noman rani, kuma aure da ciniki sun haɗa mutanen Magama da ke bakin iyaka da 'yan'uwansu na Ɗan Isa da Maraɗi a Nijar tun kafin Turawa su shata iyaka. Sai dai wannan zaman yana da nasa wahalhalu. Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakoki a Agustan 2019, ta kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direbobi da 'yan dako ne suka fara jin jiki. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da gonakinsu, mace mai naƙuda cikin dare kuwa sai an nemo mai babur da zai yarda ya fita. Ni a ganina zaman ƙauye ya fi albarka, amma dole hukuma ta kawo tsaro da asibiti mai ma'aikata, ta kuma tabbatar da cewa layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya amfani manomin Jibiya.